Hotunan da Suka Ƙi Tsayawa

Da ana mayar da magana ciki, da na haɗiye wadda na faɗa wa manajanmu a wani kamfanin fata a Challawa.

Ni ne mai kula da sito a lokacin. Ofishina ɗan ɗaki ne marar taga a bayan wurin jima, warin ɗanyar fata ya kama bango, ya kama tufafina. Mai kula da kwamfutocin kamfanin wani mutumin Filato ne, Kirista, magidanci kamar ni, duk a Panshekara muke haya.

Wata rana ya tarar na zuba wa bango ido.

"Malam, ai kabari ma ya fi ɗakin nan naku iska," in ji shi.

"To fasa mini taga mana, tunda kai ne injiniya."

"Ku matsa. Amma kada ku ce aljanu ne."

Ya buɗe wani baƙin fili a kwamfutar ofishina, ya rubuta 'yan kalmomin Turanci, ya rufe. Daga ranar hoton fuskar kwamfutar ya fara sauya kansa. In ɗaga kai in ga duwatsun garinsu, an jima in ga gonar acca, an jima mahaifiyarsa tana dariya a ƙofar coci. Hotunansa ne na gida. Da su nake shan iska.

Shekarun nan wuta ba ta zama, kamfanoni a Sharaɗa da Bompai suna ta rufewa, namu kuma yana neman dalilin rage mutane. Ran nan manaja ya shigo da wani Alhaji dillalin fata, suna duba kaya a kwamfutar. Manaja yana rufe shafin, sai ga coci ta cika fuskar. Alhajin ya ɗaure fuska.

"Wa ya mayar da kayan kamfani abin wasa?" manaja ya tambaye ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma haka na zo na tarar."

Aka kira mutumin. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "Ni na sa, Oga." Bai ce ni na roƙe shi ba. Ƙarshen wata aka sallame shi, ya kwashe iyalinsa ya koma gida, ban iya zuwa sallama ba.

Hotunan kuwa suka ƙi tsayawa. Aka kira wani mai gyara daga Dorayi, ya sa shuɗin fili, ya tafi. Kafin la'asar duwatsun sun dawo. Umarnin da mutumin Filaton ya rubuta yana can ciki, ba wanda ya san inda yake. Manaja ya ce a bar shi, tunda aiki na tafiya.

Ni kuma ba inda zan je, ga iyali, ga ba aiki a gari. Haka na zauna shekaru, tsohuwar nan tana fitowa tana yi mini dariya, ni da na kori ɗanta. Har kamfanin ya rufe ban sami wanda ya san garinsu ba.

Ku da kuke karantawa, in tsoro ya kama ku a gaban babba, don Allah ku ɗauki rabonku na laifi. Kada ku bar wa wanda ya yi muku alheri shi kaɗai.