Angelina Mai Awon Iska

In ka shigo kasuwar Lugbe ta wajen masu doya, rumfa ta uku a hannun hagu, za ka ga wata gajeruwar dattijuwa da kafaɗarta ta dama ta ɗan karkace. Angelina ke nan. Ni Turai, shekara goma sha tara ina suyar ƙosai a gefenta, kuma wallahi ban taɓa jin ta yi wa mai saye ƙarya ba. In ta ce doya kwananta uku da haƙa, to ukun ne. Shi ya sa abin da aka yi mata yake ci mini rai har gobe.

Gbagyi ce, don in na ce Bagwariya sai ta harare ni. An haife ta a wani ƙaramin ƙauye can bayan Lugbe, a gindin wani dutse. Gonakin doyarsu sun kewaye dutsen, makabartar kakanninsu tana ƙarƙashinsa ta gabas. Ta yi firamare har aji shida a makarantar mishan, ita kaɗai ce mace a ƙauyen da ta iya karatu da rubutu a lokacin.

Ana cikin gina Abuja ne a shekarun nan. Gwamnati ba ta taso daga Legas ba tukuna, amma kowa ya san tana tafe, ana ta tashin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Hankalin kowa a tashe yake.

A shekarar tamanin da bakwai sai ga wani malamin jami'a, Maliki, ya zo a mota da wani akwati kamar rediyo. Ya zauna da dattawa ya yi musu bayani. Wai can sama tsakanin taurari akwai ƙura, ba irin tamu ba, ta lulluɓe taurarin da ake haifa har ido ba ya ganinsu. Amma suna fitar da wani haske ɓoyayye, irin ɗumin da fuska ke ji in an matso kusa da murhu, kuma akwai madubin hangen nesa da ke kama shi. Dutse mai tsawo yake nema da za a kafa madubin. Ya ce in dutsensu ya ci gwaji, ba mai taɓa ƙauyen, don irin wannan wuri ba ya son gine-gine da fitilu a kusa da shi.

Ai ka san yadda maganar nan ta shiga kunnen mutanen da ke jiran katafila. Da ya nemi mai karatu da zai riƙa yi masa awo, nan take Baba Yamusa, mai garin, wanda yayan mahaifinta ne, ya nuna Angelina.

Aikin shi ne ta hau dutsen sau uku a yini, da hantsi, da rana tsaka, da la'asar. Ta saita bakin akwatin da rana, ta duba inda allura ta tsaya, ta rubuta lambar a littafi. In hadari ya rufe rana, ta rubuta haka. A kafaɗa take ɗaukar akwatin, don matansu ba sa ɗora kaya a ka.

Ranar farko ta tambayi Maliki, "Oga, mene ne yana aunawa?"

Ya ce, "Danshin da ke cikin iska."

Iyakar abin da ya gaya mata ke nan. To don Allah, ka ce wa 'yar manomi danshi, me kake so ta ɗauka? Ita da ta tashi ana addu'ar ruwa, ana tona ƙasa da yatsa a ji ko ta jiƙa? A wajenta danshi albarka ne. Da damina ta kankama allura ta fara hawa, sai ta dinga saukowa daga dutsen tana dariya, tana gaya wa matan ƙauye dutsensu yana cin jarrabawa. Duk wata uku Maliki zai zo ya kwafi lambobin. Ta tare shi tun daga bakin hanya.

"Oga, ka gani? Allura ya kai takwas!"

Sai ya yi murmushi ya ce, "Madalla, ci gaba da rubutawa."

A shekara ta biyu ma'aikatan gwamnati suka zo ƙidayar gonaki da kaburbura na ƙauyukan da za a sauya wa mazauni. Dattawa suka taru, Baba Yamusa ya sa aka kira ta gaban kowa.

"Angelina, ke ce mai littafi. Dutsen nan zai ci ko ba zai ci ba?"

Ta ce, "Baba, zai ci. Lamba kullum sama yake yi, Oga ma ya gani, ya ce madalla."

A kan maganarta suka sallami ma'aikatan. A ganinsu wanda ya bari aka rubuta gonarsa ya yarda ya tashi ke nan, su kuwa ba masu tashi ba ne. Ba a rubuta ko kunya ɗaya ta doya ba, ba a rubuta kabari ko ɗaya ba.

Shekara uku tana hawan dutsen nan, har da tsohon ciki. Kwana goma sha ɗaya kacal ta taɓa fashi, lokacin da ta haifi 'yarta Glory. A shekarar casa'in Maliki ya zo ya karɓi akwatinsa da littafin, ya ce zai tafi ƙasar waje ƙaro karatu, sakamako yana nan tafe. Daga ranar ko wasiƙa.

Ƙarshen casa'in da ɗaya gwamnati ta tare a Abuja. Gari na neman tsakuwa, gini ta ko'ina. Sai ga wani kamfanin fasa dutse da takardarsa, kuma a takardar wurin fili ne kawai, ba gona, ba kabari. Kafin damina biyu an sa wa dutsen nakiya. Ƙauyen ya watse, wasu Jiwa, wasu Nyanya, ita ta faɗo Lugbe. Danginta da yawa suka daina amsa gaisuwarta. Abin da ya fi ba ni haushi, ita ma ta yarda laifinta ne. Sau nawa ta ce mini, "Turai, kwana sha ɗayan nan ne. Da ban yi fashi ba, da littafi ya cika." Shekara ashirin tana ɗauke da wannan.

Da kuɗin doya ta sa Glory a makaranta har jami'a, yarinyar ta karanci kimiyya. Tana shekarar ƙarshe, wata rana da azahar ta zo rumfa da wasu takardu a hannu, fuskarta ba annuri. Ta samo rubutun da Maliki ya yi, wanda ya zama Dokta da shi. Ina zaune ina kwashe ƙosai, duk a kunnena.

"Mama, danshi shi yake shanye hasken da suke nema. Busasshiyar iska suke so. Duk lokacin da lambar ta hau, faɗuwa dutsen yake yi."

Angelina ta ajiye wuƙar da ke hannunta. "To kwana sha ɗayan fa?"

"Babu ruwansu a ciki, Mama. Ga shi nan ya rubuta da hannunsa, tun daminar farko ta tabbata wurin bai dace ba. An ci gaba da awo ne don a samu lambobin shekara uku cikakku."

Tun daminar farko! Wato ranar da take tare shi a hanya tana murna, ya sani. Ranar da masu ƙidaya suka zo, ya fi shekara da sani. Kalma ɗaya zai faɗa, da an rubuta gonakin, da an kwashe kaburburan kamar yadda aka yi wa wasu. Ya ga in ya faɗa za ta daina hawa, shi ke nan ya ja bakinsa. Ni na tashi ina ta zage-zage har man suyata ya ƙone. Ita tambaya ɗaya ta ƙara yi, ko ya sa sunanta. Glory ta duba ta ce ya gode wa "wata mataimakiya daga ƙauyen".

Ran Lahadi bayan coci ta ce in raka ta Jiwa. Baba Yamusa yana raye a lokacin, ya haura tamanin, idanunsa sun tafi, yana zaune a gidan surukinsa. Rabon da ya yi mata magana tun tashin ƙauye. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwashe labarin takardar ta gaya masa da yarensu, tana maimaita wasu wuraren da Hausa don in shaida. Na san abin da take jira, ya ce ya yafe, ko ya ce ba laifinta ba ne.

Sai ya laluba ya dafa kanta.

"Na ji, 'yata. Ba ki yi ƙarya ba, na yarda." Ya juyar da fuskarsa wajen ƙofa. "To yanzu ni a ina za a binne ni?"