Ukun da Ke Fara Fita

Shekara talatin da ɗaya Bu Wartinah ta yi tana koyar da 'yan aji biyu a tsaunukan Gunungkidul, inda ƙasa ba ta haihuwar komai sai rogo da farin dutse. Muryarta da kaifi, rularta ma haka. Kowace shekara akan sami yara biyar ko shida da in ta ce a rubuta ashirin da uku, sai su rubuta 32. Waɗannan takan kora su bencin baya, ta kira su kan dutse.

'Yarta Lastri ma can ta zauna. Gudun kada a ce malama ta yi son kai, ita ta fi kowa shan rula. Tana gama firamare ta ce ita da karatu har abada. Yanzu aikatau take a Malesiya, shekara tara rabonta da gida.

Ana saura wata huɗu Bu Wartinah ta yi ritaya, aka turo Retno, ɗalibar jami'a mai binciken hanyoyin koyar da lissafi. Mako biyu tana zaune a bayan aji tana naɗar murya. Ranar da za ta tafi ta kunna wa malamar.

"Bu, a gafarce ni, a saurari nan. In kin faɗa da harshen makaranta, duk suna ci. Amma da ranki ya ɓaci sai ki koma Jabanci, yaren gida, ki ce telu likur."

"To ba ashirin da uku ba ke nan? Ko a jami'arku an canza shi?"

"Shi ne, Bu. Sai dai telu, ukun, shi ke fara fita daga baki. Abin da kunne ya fara ji, shi hannu ke fara rubutawa. Yaran nan sun fi kowa sauraron ki."

Tuwon rogon ranar a kwano ya huce. Bayan la'asar Bu Wartinah ta zauna a dokin ƙofa, ta kira Malesiya.

"Lastri, 'yar nan, kin tuna telu likur?"

Ta cikin wayar ana jin ƙarar ruwan famfo a kan kwanuka.

"Mak, wani ne ya rasu?"

"Ba kanki ba ne. Bakina ne. Wata yarinya daga jami'a ta gano…"

Lastri ta yi wata 'yar dariya marar gishiri. "Sai da aka taso daga jami'a? Ai na faɗa miki, Mak. Na ce ukun kika fara faɗa. Kika ce ba a mayar wa malama magana, kika ƙara mini biyu."

Bu Wartinah ta lalubi wannan ranar a zuciyarta, lungu-lungu. Ko inuwarta ba ta samu ba.

"Za ki zo sallar bana?"

"Uwar ɗakina na kira, Mak. Ki riƙa shan maganinki."