Godiyar da Aka Ɗauke wa Ɗa

A gidanmu ba don mutane ake hura wutar hira ba, don dawaki ake hura ta. In damina ta yi nisa, sauro da ƙuda sukan hana su sakat, sai Baba ya tara busasshen kashinsu a ƙofar barga, ya ɗora ɗanyen ganyen dogonyaro ya cinna wuta, hayaƙi ya turnuƙe. Mu yara sai mu raɓa mu ci arzikin dawaki. A nan kakarmu take shimfiɗa tabarmarta bayan sallar isha'i, idanunta na hawaye saboda hayaƙi, tana mita wai a gidan ɗanta doki ya fi tsohuwa gata. Duk da haka ban taɓa ganin ta matsa ba.

Inna muke kiranta, kamar yadda Baba yake kiranta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya faɗin sunana, sai dai ya ce Uwani, ita kuma ta ce takwara. Tun da aka yaye ni a bayanta nake kwana. Ƙauyenmu yana can bayan Kaya, kuma bargar da nake ta faɗa suna ce kawai: rumfar kara ce da turaku, da 'yan godiyoyi, da ingarma guda mai baƙin hali. Baba yana kiwonsu, ya sayar da duƙushi in ya tasa, wani lokaci a ari doki don biki.

Ban cika shekara goma ba lokacin da ɓarayin dabbobi suka fara matsa wa yankinmu. Da aka kwashe shanun maƙwabcinmu, Baba ya ce zama ya ƙare, za mu koma Talata Mafara, inda ƙanwarsa take aure, an kuma samo masa wani kango a bayan gari da zai ɗaure dawaki.

Ban taɓa ganin gida ya rikice irin na wannan shiri ba. Yau a ce bayan Juma'a za a tashi, gobe a ce sai an cire gyaɗa. Baba ya tumɓuke turaku da safe, motar da aka yi alkawari ba ta zo ba, da yamma ya sake kafa su yana faɗa shi kaɗai. Linzami ya shiga cikin tukunyar uwarmu, ludayinta ya tafi cikin buhun dusa. An ɗaure harawa dami-dami don tafiya, sai a kwance a ba dawaki, tunda yunwarsu ba ta san ana ƙaura ba. Su ma dawakin sun ji a jikinsu. Ba su cin kirki, sai tono ƙasa da haniniya, ingarman nan kuwa har yayana Lawali ya kai wa cizo, shi da yake ba shi ruwa kullum.

Cikin duk wannan, Inna ta kafe. A gaban dattawan unguwa ta faɗa, da Baba ya tara su don su ba ta baki.

"Ba ni tahiya," in ji ta. "Gidan ga anka kawo ni, nan uban yaron ga yake kwance, nan za a hid da ni. Ku tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Da a ce a nan ta tsaya, da na san inda na dosa. Amma da rana sai in ga ta wanke tukwanenta ta jera ƙarama cikin babba, irin jeren mai shirin tafiya, da la'asar kuma ta warware su ta mayar da kowace mazauninta. Na tambaye ta, ta ce ƙura take kakkaɓewa. Ni dai abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, ba ɓarayi ba, ba sabon gari ba: in Inna ba ta tafi ba, a bayan wa zan kwana? Babu wanda ya kula ya ba ni amsa.

A cikin kwanakin nan ne ta kawo wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Tana da nata salon buɗewa. Sai ta zunguri wutar da kara ta ce, "Ga wata nan ta taho da ƙahwarta, wa ka ba ta wuri?" Mu ce, "Mu ka ba ta." Sannan ta fara.

Wai wani mutum ne yake da godiya guda da ɗan duƙushinta. Yunwa ta faɗa wa ƙasarsu, ciyawa ta ƙare, sai ya ji labarin akwai kiwo a hayin gulbi. Ya kora su har bakin ruwa, godiya ta ga ruwa ta turje. Ya ja ragama, ta ƙi. Ya doke ta, ta ƙi. Ya ɗaure mata ido da rawaninsa, ta zauna a ƙasa daɓas. Sai wata tsohuwa mai wanki a bakin gulbin ta ɗago kai. A nan Inna takan sauya murya, ta ɗaga ta fiye da yadda zamanmu yake bukata.

"Kai, bawan Allah, bar wahal da kanka. Godiya ba a ja nata. Sa ɗan cikin jirgi ka tura, ka ga abin da ka hwaruwa."

Mutumin ya sa duƙushi a jirgi, aka tuƙa. Da suka kai tsakiya ɗan ya yi kuka, godiya ta miƙe ta faɗa ruwa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ta haye, ta tarar da ciyawa har gwiwa, ta yi ƙiba, ta haifi wasu 'ya'yan. "Nan tag gaji tak kwanta," in ji Inna, wato tatsuniya ta ƙare. Muka tashi da murna.

Washegari ta sake kawo ta. Komai daidai, har zuwa tsakiyar ruwa. Amma wannan karon da godiyar ta haye, ba ta ƙara yarda mai ita ya shafa ta ba. Tana cin abin da zai riƙe ta, sannan ta je bakin gulbi ta tsaya tana kallon hayin da ta baro, har tsufa ya cim mata a wurin.

"Inna, jiya ba haka kinka ce ba," in ji Lawali.

"Jiya wata godiya ta," ta ce. "Kai ka ba da tatsuniyar ko ni?"

Wani dare kuma ta kai godiyar tsakiyar gulbi, ruwa ya kawo mata wuya, igiyar ruwa tana jan ta, ɗan yana kuka a gaba, gida yana baya. Sai ta datse tatsuniyar a nan, ta ci gaba da zungurar wuta.

"Ta nutse?" na tambaya.

"Ban ce ba."

"To ta haye?"

"Shi ma ban ce ba. Nan nib baro ta."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni yarinya ce mai son a gaya mini wa ke da gaskiya. Na ce to ita tsohuwar mai wanki, mutuniyar kirki ce ko muguwa? Inna ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Takwara, tsohuwa dai ta san dawaki." Na juya don in ga ko Lawali ya gane, sai na hango Baba a bakin rumfa. Shi da ba ya sauraron tatsuniya, yana cewa aikin mata da yara ne, yana zaune da ragamar da yake gyarawa a cinya, hannunsa ya daina aiki.

Ranar da motar ta zo, aka jingina katakai aka shiga lodin dawaki. Godiyarmu mai goyo ta ƙi hawa. Ba wanda ya yi shawara da wani, aka ciccibi ɗanta aka sa a ciki, ta bi shi tana huci, don wannan dabara ce da duk mai doki ya sani. Ina tsaye ina kallo sai Baba ya ce, bai ko dube ni ba, "Uwani, shiga gaban mota. Za ki riga mu zuwa gun gwaggonki."

Na kwasa da gudu ɗakin Inna don ta cece ni. Na same ta zaune a bakin gado, ƙunshin kayana a kan cinyarta, ɗaurarre tsaf. Ban san yaushe ta ɗaure shi ba, ban kuma san ko Baba ne ya sa ta ba. Ta miƙo mini.

"Mi kika tsayi yi? Mota ba ta jiran mutum."

Ba ta fito rakiya ba. Na yi kuka har muka hau kwalta, dawaki na dukan katakon mota a bayana.

A Mafara na zame wa gwaggona aiki. Ba na ci sai an yi da gaske, ba na barci sai na gaji da kuka. Bayan 'yan kwanaki sauran mutanen gida suka iso, na leƙa bayan kowa, babu Inna. Baba ya ce an bar ta da wani ɗan'uwansa da bai tashi ba tukuna. Daga nan na daina yi masa magana sai gaisuwa, shi kuma bai tsawata mini ba, abin da ba halinsa ba ne.

Wata ranar kasuwa da azahar, motar haya ta tsaya a ƙofar kangonmu, aka fara sauke tukwane. Inna ce, ba aike, ba sanarwa. Na ruga na rungume ta, ita kuwa kaina ta kama ta juya shi dama da hagu.

"Wa yab bar kan ga haka? Gidan ga babu mata na?"

Ko ruwa ba ta sha ba ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta hau tsifa. Baba ya zo ya durƙusa yana jero gaisuwa, ya hanya, ya gajiya, ya mutanen gida, ita kuwa ba ta wuce "lahiya" ba. Ta daɗe tana yi masa haka, har bayan an girbe gero. Duk maƙwabciyar da ta zo yi mata barka da zuwa, sai ta ce, "Ni ba ƙaura niy yi ba. Ɗiyag ga nib biyo."

Ta yi shekaru tare da mu a Mafara, a can Allah ya karɓi ranta. An ci gaba da hura wa dawaki hayaƙi, ta ci gaba da ba mu tatsuniyoyi, amma wannan ba ta sake kawo ta ba. Sau ɗaya na tambaye ta yadda aka ƙare da godiyar da ta baro a tsakiyar ruwa. Ta ce, "Wace godiya?" Ta tura ni ɗebo mata garwashi.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ƙaunar uwa ce kawai, na kuma ji daɗi da na gane don ni ta zo. Da na fara hankali sai abin ya koma ba ni haushi, na ga Baba ya saci dabara daga bakin tsohuwa ya ɗaure ta da ita, ni kuma aka mayar da ni igiya. Daga baya na sake lissafi. Inna ta riga ta furta a gaban dattawa cewa ba za ta tafi ba, kuma ba mace ba ce mai janye magana. Wataƙila hanya take nema da za ta tashi ba tare da ta ƙaryata kanta ba, shi ya sa ta ɗaga murya don ɗanta ya ji. To amma in haka ne, me ya kawo godiyar da ta ƙare ranta tana kallon haye? Duk lokacin da na ce na kama bakin zaren, sai ya suɓuce mini.

Yanzu abin ya zagayo kaina. Uwarmu ta rasu, Baba ya tsufa, doki ɗaya ya rage masa, shi ma don ɗebe kewa. An mayar da aikin mijina Sakkwato, mun roƙi Baba ya bi mu ya ce ba ya tafiya. Ɗana ƙarami, wanda aka sa wa sunansa, a bayansa yake kwana. Lawali ya kira ni a waya ya ce, "Ki tahi da yaron kawai, da kainai za shi biyo ku." Ya faɗe ta cikin sauƙi, shi da ba a taɓa sa shi a gaban mota ba.

Shekaranjiya da yamma na sami Baba yana tara ganye don hayaƙi, yaron na taya shi. Na zauna na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, ko Inna ce ta ce ya tafi da ni a ranar.

"Ba ta ce min komi ba bayan abin da kunka ji," ya ce. "Har tar rasu ban sani ba ko umurni tab ba ni, ko roƙona taka yi in bari."

Ya cinna wutar, ya daɗe yana kallon jikansa da ke ta fifita hayaƙi da murfin kwano. Sannan ya ce, a hankali don kada yaron ya ji, "Uwani, in za ki ɗauke shi, ki bari sai na tahi masallaci."

Na ce masa to. Motar kayanmu za ta zo bayan Juma'a, kuma har yanzu ban san abin da na amsa ba.