Inna da Yoyon Banɗaki

Tun aurensu Baba ne mai gyaran komai a gidan, Inna kuwa keken ɗinkinta kaɗai ta sani. Da ciwon gwiwa ya hana shi durƙuso, sai kwamin wanke hannu ya fara yoyo. Inna ta sayo sabon bututu, ta ci ɗamara, ta shige ƙarƙashi da sifana, Baba na kan kujera yana ba da umarni.

"Hagu za ki murɗa, tsohuwa!"

"Hagunka ko nawa?"

Ruwan da ya kwanta a tsohon bututun ya wanke mata fuska, suka yi dariya har da hawaye. Ta ɗaura sabon, ta buɗe famfo, ruwa ya wuce, ko ɗigon yoyo babu. Ranar har maƙwabta sai da ta kirawo suka gani.