Ruwan da Aka Tace wa Baƙuwa

Da muna yara, rafin da ya ratsa bayan garinmu shi ke ciyar da mu da rani. Ana kai gero rumbu, kowane magidanci sai ya gangara fadama ya shuka albasa, a yi ta ban ruwa da jigo. Yanzu ko akuya ba ta sa baki a cikinsa. Wani kamfanin jimar fata da aka kafa can sama da mu yana sako ruwan wankinsa sau ɗaya a mako, baƙi ƙirin, da wari mai hawa kai. Albasar da ta sha shi, sai ganyenta ya ƙone ta kwanta.

Mutane suka yi ta janyewa har ya rage ƙanena kaɗai a fadamar. Da wannan lambu yake riƙe da gidansa, kuma bai iya wata sana'a ba.

Bayan dogon kai kuka, aka turo mana wata injiniya da na'urar gwaji a bayan a-kori-kura. Ƙananan tankuna ne da tiyo da famfo da janareta. Ana zuba mata gurɓataccen ruwa, ta bi da shi ta yashi da gawayi, ko ta magani, ko ta hura masa iska, a ga wace hanya ce ta fi wanke shi. Wadda ta ci, ita za a sa kamfanin ya gina babbarta. Na taɓa ganin irinta a Masar, lokacin da nake tafinta a can, kuma na ga garin da ta ceta. Don haka na fi kowa murna.

Injiniyar ta yi mana bayani a ƙofar gidan mai unguwa. Mako guda kawai na'urar za ta yi, wasu garuruwa na jira. Ita za ta koma birni ta ɗauko wasu kayan aiki, mu kuma ranar da kamfanin ya sako ruwa mu cika mata durom-durom.

"Baba, yadda yake fa," ta ce da ni. "Kada a taɓa shi."

Na maimaita wa ƙanena. Ya ce ya ji. Ya kuwa ji, don ba kurma ba ne.

Ranar da aka sako ruwan na tafi ta'aziyya Dawakin Tofa, na kwana can. Da na dawo da hantsi, sai na iske duromomin a jere ƙarƙashin darbejiya, kowanne an rufe shi da sabon faifai. Na ɗaga ɗaya. Har gindin durom nake hangowa. An tace ruwan da mayafi, an zuba masa alam da dakakkun 'ya'yan zogale, ya kwanta, an tsiyaye, an kuma sirka da na rijiya saboda wari. Matan gida uku ne suka yi wannan aiki.

"Me ka yi haka?" na ce da ƙanena.

"Yaya, kai ma ka san ba zai yiwu ba. 'Yar mutane, ta taso tun daga nesa saboda mu, in tare ta da ƙazanta?"

"Ƙazantar ta zo nema! Sha aka ce maka za ta yi?"

"To ai hannu za ta sa. Ta koma ta ce wa mutanensu me? Ta je garin da suka ba ta ruwan mushe?"

"Ruwan mushen da ke kashe maka albasa!"

"Kai dai ka daɗe a waje, Yaya," ya ce, yana gyara faifan da na karkatar.

Na zauna da majema a Maroko. Can in baƙo ya zo duba ɓarna, hannunsa suke ja su kai shi ramin da ya fi ɗoyi, su tsaya su ga ya toshe hanci. A Sudan na ga manomi ya ɗauki ruwan kwata a kwalba ya dire wa jami'i a kan tebur. Mu kuwa ko likita za mu gani sai mun yi wanka mun sa turare, ya tambaya mu ce da sauƙi.

Da injiniyar ta iso, ta leƙa durom, ta dube ni. Na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya, sannan ta zauna a kan tabarma ta dafe kai. Muka bi ta rafi, amma baƙin ruwan ya riga ya wuce, sai sauran laka a gefe. Ta kunna na'urar da abin da ta samu, injin ya yi ta ruri, ruwa mai haske ya shiga, mai haske ya fito. Ta ce ba mai karɓar wannan sakamako, kuma kafin a sake sako wani, na'urar ta bar jihar. Ta yi alkawarin mai da mu layi.

Da za ta tafi, ƙanena ya sa mata kaji biyu da kwandon albasa a mota, zaɓaɓɓu, mafi kyawun abin da ya tsira. Har yau in na tayar da maganar sai ya ce ai ta tafi tana yabon garinmu.

Na'urar ba ta dawo ba. Kafin ƙarshen wannan ranin sauran albasarsa ta ƙone, ya kwance jigonsa ya kai itacen gida aka yi girki da shi. Tun daga nan babu mai noman rani a garinmu, albasar miya ma a kasuwar Tsanyawa muke sayowa.