Ahou Kramo, Wadda Ta Fi Ni Iya Wasa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina wankin kayan wasan kwaikwayo a unguwar Yopougon ta Abidjan aka kira ni aka ce Ahou Kramo ta rasu a asibiti, bayan wata uku tana jinyar ciwon ƙoda. Shekararta talatin da takwas.

Ahou, ba zan yi miki ƙarya ba yau. Shekara goma sha ɗaya muna ƙungiyar wasan kwaikwayo ɗaya, kuma babu shekarar da ban yi miki hassada ba.

Ni da ke duk maza aka ɗauke mu da aka haife mu, sunan maza aka raɗa mana, duk muka tashi muka san mu mata ne. Masu shirya wasa a Abidjan abu ɗaya suke ba irinmu: ƙato ya ɗaura zane ya yi rangwaɗa, 'yan kallo su sha dariya. Ni na karɓa don in ci abinci. Ke kika ƙi, kika shekara biyu kina soya ayaba a bakin tasha.

Da shugaban ƙungiyarmu, Tonton Séri, ya rubuta wasan uwar da ɗanta ya nutse a teku, mu biyu muka gwada, ya zaɓe ki. Na bi shi har waje na ce, "Tonton, jifan ta za su yi da robar ruwa." Ya ce, "Nadège, ita kike jiye wa, ko kanki kike wa kuka?" Maganar ta kai kunnenki. Washegari kika kawo mini acheke, dambun rogon nan, da kifi, kika ce, "Ci, 'yar'uwa, gulma ma sai da ƙarfi." Daga baya na ji ke kika matsa wa Tonton ya sa ni maƙwabciyar uwar, fitowata ta farko da ba ta dariya ba.

Ranar da muka buɗe wasan, wani daga kujerun baya ya ƙwala tsohon sunanki. Ina tsaye gefenki a dandamali, kuma Allah ya sani, daɗi na ji. Ko ƙifta ido ba ki yi ba. Kika ci gaba da kiran ɗanki har zauren ya yi tsit, mata suna share hawaye da gefen zane. Da aka gama, mahaifiyarki ta miƙe ta juyo ga jama'a ta ce, "'Yata ce." Wannan ya fi tafin da aka yi miki ci mini rai. Tawa uwar shekara tara ke nan ba ta ɗaga wayata ba.

Jiya Tonton ya kawo mini rigarki ta wasan, ya ce ranar Asabar ni ce uwar. Abin da na daɗe ina nema ke nan. Na kulle ɗaki na saka ta, na buɗe baki, sai na ji muryarki nake kwaikwayo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, Maman Affoué, da yayyenki, da dukan 'yan ƙungiya. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Ni kuma ki yafe mini, Ahou. Ban taɓa faɗa miki kina raye ba: kin fi ni iyawa.