Lotsawar Kumatun Jikata

Ina cikin zuba shayi na lura da 'yan ramuka biyu a kumatun jikata Walida, alhali ba murmushi take yi ba.

Tun bayan rasuwar matata Hajiya, Walida kaɗai ce take zuwa gidana a Gwarinpa duk Asabar ta duba ni.

Na ce, "Amarya, me ya sami fuskarki?"

Ta ce, "Kai tsoho, idonka ba ya barin komai! Tiyata aka yi mini. Likita ya ce in wurin ya warke, sai na yi dariya zai riƙa lotsawa."

Rayuwata ta ƙare ne wajen gyara takardun ma'aikata da jan biro, kuma halin bai sake ni ba. Na yi mata doguwar lacca a kan canza halittar Allah, ban tsallake komai ba.

Da na gama, ta ce a hankali, "Hoton Hajiya na kai wa likitan. Kai ka ce tun da ta tafi ba ka ƙara ganin irin ramin kumatunta ba."

Kun san amsar da na ba ta? Cewa na yi, "Ai na Hajiya a hagu kaɗai yake."

Ta ɗauki jakarta, ta yi mini sallama cikin ladabi. Yau Asabar ta uku ke nan ba ta zo ba.

Har yanzu ban goyi bayan tiyatar ba. Amma jama'a, ku ba ni shawara: ta ina tsoho yake fara ba jikarsa haƙuri?